Gurasa Biyu Daga Bakin Lungu

Kafin in taka ƙasar Iran, abu ɗaya na sani game da Ƙazwin. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, in ya ambaci Ibnu Majah a zaure yakan cika da "Alƙazwini", mu kuma mu ɗauka ragowar sunan ne kawai. Ban taɓa kawowa a raina gari ne mai kasuwa da tasha da yara 'yan makaranta ba, balle in yi zaton wata rana zan tsaya a ɗaya daga cikin lungunansa da sanyin asuba, hannuwa a aljihu, ina jiran a miƙo mini gurasa.

Garin yana arewa maso yamma da Tehran, tafiyar kamar awa biyu a mota. Ya taɓa zama fadar sarakunan Safawiyya kafin Shah Abbas ya mayar da gadon sarauta Isfahan a 1598. Ni dai ba tarihi ya kai ni ba. Gurbin karatun harhaɗa magunguna na samu, da sharaɗin sai na yi watanni ina koyon Farisanci a cibiyar koyar da baƙi kafin a bar ni in zauna aji ɗaya da 'yan ƙasa. Na sauka a ƙarshen Satumba, farkon watan Mehr a lissafinsu, daidai buɗe makarantu, ina da shekara 24. Ƙannenmu masu shirin tafiya sukan tambaye ni yadda na yi harshen ya zauna mini, ni kuma in rasa ta inda zan fara, domin amsar ta haɗa da abin da ba na iya faɗa a tsaye a bakin hanya. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Na tafi da ƙwarin gwiwa, domin na yi nahawun Larabci a gaban mahaifinmu tun ina yaro, kuma an ce mini da haruffan Larabci suke rubutu. Haka ne kuwa. Haruffansu 32, wato 28 na Larabci da ƙarin huɗu: na sautin p, da c, da g, da wani j mai taushi. Cikin mako guda ina karanta allunan shaguna. Sai dai karatu daban, fahimta daban. Farisanci ya ari haruffa da tarin kalmomi daga Larabci, kamar yadda Hausa ta ara, amma ƙashin bayansa nasa ne, danginsa suna can wajen harsunan Indiya da Turai. Uwa madar, uba pedar, ɗan'uwa baradar; wanda ya yi boko zai ji kamar ya taɓa gamuwa da su a wani wuri. Kalmomin Larabcin ma da na dogara da su sun sauya kama a bakinsu. Harafin da mu muka mayar l, su z suka mayar da shi. Muna cewa alwala, suna cewa vozu; muna cewa lalura, suna cewa zarurat. Salla kuwa namaz suke ce mata.

Sai na kama hanyar da na sani, wato hadda. Na sayi littafi mai kauri, kullum in rubuta kalma 30, Farisanci a dama, Hausa a hagu. Wata uku ina haka. Na san sunan gwiwar hannu, na san sunan ma'aikatar harkokin waje. Ranar jarrabawar baka aka ce in ba da labarin abin da na yi jiya. Kowace kalma da nake bukata tana kaina, amma na kasa jera huɗu su tsaya tare. Na zama kamar wanda aka jibge wa bulo da yashi da siminti a fili, aka ce ga gida nan ya shiga ya kwana.

Wannan ya zo daidai da daren Yalda, daren da ya fi kowane tsawo a shekara, wanda iyalai ke taruwa gidan kakanni su raba dare suna cin ruman da kankana. Titi ya yi tsit, kowa yana cikin danginsa. Na kira Inna a Kano.

"Inna, ina jin dawowa zan yi."

"Wa ya kore ka?"

"Ba kowa. Yaren ne ya ƙi shiga."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Abinci fa, kana ci?"

"Ina ci."

"Wa ke sayo maka?"

"Ni nake zuwa."

"Da wane bakin?"

Na ce mata da yatsa nake nunawa, in miƙa kuɗi, a ba ni canji.

"To ka daina nuni da hannu, ɗan nan. Allah ya ba ka baki. Ka yi musu magana ko za su yi dariya, ai ba a kanka aka fara baƙunta ba."

Bayan kwana biyu malamarmu ta tsayar da ni da aka tashi. Dattijuwa ce mai sanyin murya, muna kiranta Ostad, kalmar da ta bi ta Larabci ta iso mana a matsayin ustaz. Ta karɓi littafin haddata ta juya shafuka, ta rufe, ta tambaye ni a hankali, tana cikawa da Turanci inda na kasa: wane abu ne kake yi kullum ba fashi? Na ce salla. Ta ce bayan ita fa? Na ce sayen gurasa. A ina? A bakin lungunmu. Nawa? Biyu, ɗaya tawa, ɗaya ta abokin ɗakina. Wace iri? Sangak. Sai ta ɗauki alli ta rubuta:

من هر روز صبح از نانوایی سر کوچه دو تا نان سنگک می‌خرم

Man har ruz sobh az nanvayi-ye sar-e kuce do ta nan-e sangak mikharam. Wato, kullum da safe nakan sayi gurasar sangak guda biyu daga gidan gurasar bakin lungu.

Ta ce in ajiye littafin nan mako biyu. Kowace rana in zo mata da wannan jimla, amma in canza abu ɗaya tak a cikinta. Gaskiya na ji abin ya yi mini kaɗan. Mutumin da ke haddace kalma 30 a yini, a ce ya riƙe jimla ɗaya? Na bi ne saboda ba ni da wata dabara, kuma maganar Inna tana kunnena.

Abin da ya fara tsaya mini shi ne mazaunin aikatau. A zauren mahaifinmu jimlar da muka tashi da ita ita ce daraba Zaidun Amran, aikatau a gaba yana jan sauran. A Hausa yana tsakiya: yaro ya sayi gurasa. A nan kuwa mikharam yana can ƙurya, sai an gama faɗin wa, da yaushe, da ina, da nawa, da me, sannan ya fito. Nan na gano abin da ke ɓatar da ni in ana magana. Da na ji kalma biyu ko uku sai in tsaya fassara a kaina, alhali kalmar da za ta gaya mini saye aka yi ko sayarwa, an yi ko ba a yi ba, ba ta iso ba tukuna. Kafin in ɗago an wuce ta. Daga ranar na koyi riƙe numfashi har mai magana ya dire. Rabin kurumtata ta warke da wannan kaɗai.

Sannan Ostad ta fasa mini mikharam gida uku. Mi a goshi shi ke nuna abin da ake cikin yi ko aka saba yi, aikin da "ina" da "nakan" ke yi mana. Khar ita ce saiwar saye. Am a ƙeya shi ne "ni". Saboda haka ko an cire man ɗin farko jimla ba ta rasa komai ba. Canjin rana ta farko ke nan: mikhari, kana saye, mikharim, muna saye, mikharand, suna saye. Rana ta biyu na kore ta: nemikharam, ba na saye. Rana ta uku na mayar da ita jiya: diruz kharidam, jiya na saya. A nan ta gargaɗe ni cewa kowane aikatau saiwa biyu gare shi, ta yanzu da ta shuɗaɗɗen lokaci. Na saye masu sauƙi ne, khar da kharid, sun yi kama. Amma gani bin ne da did, tafiya rav da raft, yi kon da kard. Ta ce kada in taɓa koyon ɗaya in bar ɗaya, in riƙe su kamar sunan tagwaye.

Da muka zo kan mikharad na tambaye ta, wannan na namiji ne, ina na mace? Ta ce shi ke nan. Yana saye, tana saye, duk mikharad. Shi da ita duk u ne. Bahaushe da ya saba ko tukunya sai ya san mace ce, ko tulu sai ya san namiji ne, zai ji kamar an rage masa wani abu. Na daɗe ina jin labari in rasa ko mace ake nufi ko namiji sai an ambaci suna. Inda suka tsananta kuwa shi ne girmamawa: to na aboki ne da yaro, shoma na babba da baƙo, kamar yadda ba ka ce wa surukinka "kai".

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar ezafe. Shi ne ɗan sautin e ko ye ɗin nan da ke cikin nanvayi-ye sar-e kuce da nan-e sangak. Ostad ta ɗauki rabin darasi tana yi wa aji bayani, da yawa suna ta kokawa da shi. Ni kuwa ina kallon allo sai na ji gabana ya faɗi don murna. Nanvayi-ye sar-e kuce: gidan gurasa-r baki-n lungu. Ai n da r ɗinmu ne! Abin da ake magana a kai ya zo farko, a ɗaura masa ɗan ƙugiya, a rataya mai bayyana shi, in an so a ƙara wata ƙugiyar a rataya wani. Jeri ɗaya, tunani ɗaya. Na ɗaga hannu na roƙi alli, na rubuta "rigar ɗan sarkin garinmu" na ja layi ƙarƙashin kowace ƙugiya. Ta tsaya tana kallo, ta sa na maimaita sau biyu. Tun da na zo ƙasar ban taɓa jin Hausata ta yi mini rana ba sai ranar. Wata uku ina leƙen Farisanci ta tagar Larabci da Turanci, ashe ƙofa tana ta wajen harshen da na sha a nono.

Akwai bambanci, ba shakka. Namu yana duba jinsi, n ga namiji, r ga mace mai ƙarewa da a. Nasu sautin ƙarshe yake dubawa, e bayan baƙi, ye bayan wasali. Nasu yana ɗaura sifa ma: nan-e dagh, gurasa mai zafi, nan-e taze, sabuwar gurasa. Abin da ya fi wuya shi ne galibi ba a rubuta shi. Dubi jimlar da ke sama da haruffansu, ba za ka ga alamarsa ba. Sai dai kunne ya san inda yake, kuma kunne ba ya koyo daga littafin hadda.

Do ta nan ma bai ba ni wuya ba. Ta ɗin nan shi ne "guda" namu: gurasa guda biyu. Suna kuma yana zama a tilonsa bayan adadi, kamar yadda muke cewa mutum uku, shekara goma. Wanda ya sha fama da ƙa'idojin adadi a nahawun Larabci ya san irin sauƙin da na ji. Da ta kawo ra kuwa, ƙaramar kalmar da ke bin karɓau in sananne ne, sai na ajiye misalan biyu gefe da gefe. Nan kharidam, na sayi gurasa. Nan ra kharidam, na sayi gurasar, wato waccan da muka yi maganarta. Ba daidai suke ɗari bisa ɗari ba, amma ya ishe ni in kama bakin zaren.

Kalmomi kuma sai suka fara tsirowa daga jikin jimlar da kansu. Daga ruz, rana, na sami emruz yau, diruz jiya, ruzname jarida, ruze azumi, da Nowruz, sabuwar rana, bikin shiga shekararsu a farkon bazararsu cikin Maris. Sobh ita ce asubarmu, daga ita aka sami sobhane, karin kumallo. Sar kai ne, su kan lungu suke gani inda mu muke ganin baki. Daga shi sardard, ciwon kai. Sang dutse ne, sangin mai nauyi, sangdel mai zuciyar dutse. Har, wadda ba ta da dangantaka da har ɗinmu, tana nufin kowane: har kas kowa, har ja ko'ina. Waɗannan ban haddace su ba, kuma ban manta ko ɗaya ba, saboda kowace tana da uwa a cikin jimlar da nake rayuwa a cikinta kowace safiya.

To, saura aikin da Inna ta ba ni.

Gidan gurasar ɗaki ɗaya ne mai buɗaɗɗiyar gaba. Murhun suna ce masa tanur, kuma da na fara jin sunan sai na tuna tanderun maƙwabciyarmu a cikin birni, inda Inna ke aikena da kwano ina ƙarami. Amma cikin wannan tudun tsakuwa ne masu zafi, daga nan sunan ya fito: sangak, ɗan dutse. Mai gashin, shater, yana shimfiɗa ƙullu mai ruwa-ruwa a kan wani allon katako mai dogon hannu, ya danna shi da yatsu, ya zura ya kwantar a kan tsakuwar. In ta fito ta kai tsawon hannu, faɗi a ƙasa, tsini a sama, 'yan duwatsu maƙale a bayanta. Kai mai saye za ka ɗora ta kan teburin raga ka ɓamɓare su da kanka, yatsu suna ƙuna. Akwai barbari mai kauri, akwai taftun da lavash marasa kauri, amma ni sangak ce ta kama ni. Mai karɓar kuɗi wani dattijo ne da kowa ke kira Haj Agha. Wata uku yana ganina ina ɗaga masa yatsu biyu.

Ranar na tsaya a layi ina ta maimaitawa a zuci. Da na iso na ce, "Salam. Do ta nan mikhaham." Ina son gurasa biyu. Ya ɗago ya dube ni sosai, ya ce, "Bah bah! Do ta nun?" Ya juya ya gaya wa shater wani abu, shi ma ya leƙo yana murmushi.

Nun, ba nan ba. Na koma wa Ostad da wannan, ta ce yanzu ka shigo gari. Harshen littafi daban, na titi daban. Nan ya zama nun, khane gida ya zama khune, Tehran ta zama Tehrun, mikharad ya zama mikhare, ra ya koma ro ko o kawai. Ta ce in riƙe na littafi don jarrabawa, in bar Haj Agha ya koya mini ɗayan.

Ya kuwa koya mini, ba tare da ya san yana koyarwa ba. A layinsa na ji ana tambayar nafar-e akhar kiye, wa ne na ƙarshe. A nan na ji kowa in ya iso yana cewa khaste nabashid, kada ku gaji, na gane sannu da aikinmu ce, na fara faɗa. In an miƙo maka sai ka ce dast-e shoma dard nakone, kada hannunku ya yi ciwo. Wata rana na miƙa kuɗi ya ce ghabel nadare, wai bai kai a biya ba. Na tsaya da kuɗi a hannu ban san abin yi ba, sai wani magidanci a bayana ya raɗa mini cewa in nace. Wannan shi ne ta'arof. Ban ga baƙon abu a ciki ba da na fahimta. Mu ma ɗan kasuwar da ya san mahaifinka yakan ce "haba, bar shi kawai", kai kuma ka san ba a barin. A nan kuma na saba da cewa a baki toman ake ciniki da shi, a takardar kuɗi riyal ne, toman ɗaya riyal goma.

Wasali ɗaya ya raba mikharam, ina saye, da mikhoram, ina ci. Wannan na biyun ya buɗe mini wata taska. Khordan ci ne, kuma sha ne. Ruwa ma da shayi khordan ake yi musu. Kuma kamar yadda Bahaushe ke shan abin da ba ruwa ba, haka su ma. Wanda ya faɗi, zamin khord, ya sha ƙasa. Wanda aka doka, kotak khord, ya sha duka. Fita hava khordan kuwa shan iska ne, kalma da kalma. Haka kardan yake aikin "yi" ɗinmu: kar kardan yin aiki, sabr kardan yin haƙuri. Na riƙa tara waɗannan ina karanta wa Inna a waya, tana cewa, "Ashe su ma mutane ne irinmu."

Cikin watan Bahman dusar ƙanƙara ta sauka, mura ta kwantar da ni kwana huɗu. Da na koma, Haj Agha ya ce, "Koja budi, pesaram?" Ina ka shiga, ɗana? Na ce, "Sarma khordam." Na sha sanyi, haka suke faɗin mura. Sai da na kama hanyar gida na lura ban shirya amsar ba, ban fassara ta daga komai ba. Fitowa ta yi.

Bayan Nowruz da 'yan makonni, wata Talata, Yaya ya kira ni da hantsi. Daga yadda ya yi sallama na san ba lafiya ba. Ya ce, "Sai haƙuri. Inna ta cika da asuba." Ciwon kwana biyu ne. Kafin in gama fahimtar abin da ya faɗa har an yi mata sutura, kafin azahar an kai ta. Ko da ina da kuɗin jirgi a hannu ba zan riski komai ba, kuma ba ni da su.

Kwana uku ban fita ba. Abokin ɗakina, ɗan Afganistan ne daga Herat, wanda Farisanci harshensa ne na gado, shi ya riƙa zama kusa da ni yana karatun Alƙur'ani, ya dafa shayi ya ajiye ko ban sha ba. A gida na san zaure ya cika, ana ta shigowa ana "ya haƙuri", ni kuwa ina ɗaki a ƙasar da ba wanda ya san fuskarta. Wannan shi ya fi ci mini rai: a ce mace kamar Inna ta tafi, a garin da nake ba mai cewa Allah ya jiƙanta.

Rana ta huɗu na fita sayen gurasa, don abokina ya yi ɗawainiya ta isa. Haj Agha ya hango ni ya ce, "Baz sarma khordi?" Ka sake shan sanyi ne? Na ce, "Na, Haj Agha. Madaram fot kard." Mahaifiyata ta rasu.

Ya ajiye kuɗin da ke hannunsa. Ya zagayo daga bayan teburin, gari a hannayensa, ya rungume ni. "Khoda rahmatesh kone," Allah ya yi mata rahama. Shater ya bar allonsa ya fito. Mutanen layi, waɗanda na sani da ido da waɗanda ban taɓa gani ba, suka riƙa matsowa ɗaya bayan ɗaya, hannu a ƙirji. Tasliyat migam, ina yi maka ta'aziyya. Gham-e akharetun bashe, Allah ya sa shi ne baƙin cikinku na ƙarshe. Na ji kowace kalma, ba wadda ta wuce ni. A nan na yi kukan da na kasa yi a ɗaki. Zaman makokin Inna da na samu ke nan, a tsaye, a bakin tanderu.

Su ma suna yin na uku da na bakwai da na arba'in, sevvom da haftom da cehelom. Kuma na sha ganin, musamman ranar Alhamis, an liƙa takarda a gidan gurasa an rubuta salavati: wani ya biya kuɗin gurasar don mamacinsa, kowa ya ɗauka kyauta ya yi salati ko ya karanta Fatiha. Da arba'in ta matso, na san a gida yayyena mata za su soya waina a raba. Na ƙirga abin da ya rage mini na wata, na ga zai isa in na taƙaita.

Daren na zauna da takarda na rubuta tsohuwar jimlata, wadda Ostad ta rubuta mini a allo. Na soke har ruz na sa farda, gobe. Na soke do na sa cehel, arba'in. Na ƙara baraye madaram, don mahaifiyata. Aikatau na mayar da shi mikhaham bekharam, ina so in saya, be ɗin nan yana aikin "in" ɗinmu. Sauran duk na bar su inda suke. Jimlar ta ɗauki abin da na ɗora mata, ba ta karye ba.

Na same shi da yamma yana shirin rufewa. "Haj Agha, mikham farda sobh baraye madaram cehel ta nun-e sangak bekharam. Salavati."

Ya dube ni, ya ce ghabel nadare. Na nace. Ya sake faɗa, kuma a wannan karon na ga da gaske yake. Na ce masa, "Madar-e man ast. Bayad khodam bedaham." Mahaifiyata ce, dole ni zan biya da kaina. Ya yi shiru, ya karɓa, ya ce zai ƙara goma daga wajensa, don shi ma tasa mahaifiyar tana ƙasa.

Washegari na riga kowa zuwa. Ya liƙa takardar a jikin ƙofa. Duk wanda ya miƙo kuɗi sai ya mayar masa da hannunsa, ya nuna ni, ya ce, "Baraye shadi-ye ruh-e madar-e in javan fatehe bekhanid." Ku karanta Fatiha don sanyin ran mahaifiyar wannan saurayi. Shadi-ye, ruh-e, madar-e: ƙugiya uku, kowace ta riƙe ta gaba, daga sanyin rai har zuwa kaina. Na tsaya gefen teburin raga ina taya mutane ɓamɓare tsakuwa. Leburori, da ɗalibai, da wani soja, da yara da aka aiko da tsabar kuɗi a tafin hannu, kowa leɓensa na motsi. Wata tsohuwa cikin baƙin lulluɓi ta riƙe gurasarta ta matso ta ce, "Esmesh ci bud?" Mene ne sunanta? Na faɗa mata. Ta maimaita, bai fito daidai ba, na sake faɗa, ta sake gwadawa har ya zauna a bakinta. Sannan ta ɗaga hannu ta karanta Fatiha tun daga farko har ƙarshe, ta ambaci sunan Inna, ta shafa.

Kafin rana ta ɗaga hamsin ɗin sun ƙare. Haj Agha ya cire takardar ya ninke ya ba ni. Na sa a aljihu zan tafi, sai ya kira ni, "Pesaram!" Ya ɗauko biyu da ya ware a gefe, masu riɗi, ya ɗora mini a hannu. "In ham do ta-ye khodet." Ga naka biyun.

Na ce dast-e shoma dard nakone. Na ɓamɓare duwatsun, na rungumo gurasar da zafinta, na shiga lungu.